Jar Jimina a Baƙar Riga

Yayana mai buga takardu ne, kuma in ka tambaye shi zai ce maka duk faɗin garin nan babu mai ido irin nasa. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Ka kawo masa tsohon kati ka ce kana son irinsa, zai ɗaga shi saitin ƙofa, ya karkata kai, ya ce, "Wannan ba shuɗi ba ne zalla, an ɗiga masa ja." Sai ya ɗebo tawada da bakin wuƙa ya cakuɗa a kan gilashi, ya shafa a gefen takarda, launin ya fito sak. Abokan sana'arsa Mudu suke ce masa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to su a ganinsu nasa idon mudun ne ɗungurungum.

Ni ce autarsu. Shekara goma sha biyu ya ba ni, kuma har yau da nake da 'ya'ya huɗu, nake koyarwa a makaranta, in na shiga shagonsa sai ya ce kada in taɓa komai. Shagon a gaban gidansa yake, da ƙofa ta baya mai fita tsakar gida. Ciki akwai tsohon inji mai ƙara kamar jirgin ƙasa, da na'urar yanka takarda, da sabon injin buga sitika wanda yake lulluɓewa da zane kamar jariri. Yana da shekara goma sha biyar ya shiga sana'ar, yana wanke farantin injin bugu da kalanzir. Da idon nan ya gina gidan, da shi ya biya mana makaranta ni da wadda nake bi bayan rasuwar mahaifinmu. Saboda haka duk tsiyar da zan yi masa a nan, a sani cewa ina sonsa.

Rauninsa ɗaya ne: zaƙi. Shayinsa cokali biyar ne na sukari, in ka yi magana ya ce cokalin ne ƙarami. Da aka fara kawo lemon ƙarin kuzarin nan na gwangwani, mai hoton jimina tana sheƙa gudu, sai Yaya ya sami abokiyar zama. Jan gwangwani ne siriri, mai sheƙi. Uku yake sha a rana, ɗaya da safe, ɗaya bayan abincin rana, ɗaya in aiki ya yi yawa, kuma aiki kullum yawa yake yi. Yana buɗewa ya ji wannan "tsss" ɗin sai ya lumshe ido tun bai kai baki ba.

Bara ne ya fara rama, yana yawan shan ruwa, matarsa ta tasa shi gaba har asibiti. Matar tamu mai gyaran gashi ce, tana da ɗakin aikinta a cikin gida. Mace ce mai sanyin murya, amma ko allura ta ɓata a gidan ta san wanda ya gan ta na ƙarshe. Yaya Sufeto yake ce mata, a bayan idonta. Likita ya auna shi ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Ya yi masa bayanin ƙafa, Yaya yana kallon silin. Ya yi bayanin ƙoda, Yaya yana duba agogo. Sai da ya ce, "Kuma yana cin ido a hankali, mutum bai sani ba," sannan Yaya ya gyara zama.

"Likita, ido kuma?"

"Ido. Ka ce sana'arka ta launi ce. In kana son ka ci gaba da ita, daga yau kai da jar jiminar nan kun raba gari."

Da ya ga fuskar Yaya ta koma kamar an yi masa rasuwa, sai ya sassauta. Ya ce kamfanin suna yin wata a baƙin gwangwani, babu sukari, babu kalori ko ɗaya. Ita ma ba magani ba ce, guda ɗaya tak a rana, saboda kafeyin ɗin da ke ciki yana tayar da bugun zuciya.

Ina gidan ranar da aka kawo baƙar jimina ta farko. Yaya ya juya gwangwanin a hannunsa kamar mai duba kuɗin jabu. Baƙi ne marar sheƙi, jiminar fara, ga wani ƙaton sifiri a gaba.

"Abin da ya rubuta sifiri a goshinsa da kansa," in ji shi, "me zai ba ka?"

Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Muna ta kallonsa.

"Da farko yakan yi maka sallama da zaƙi," ya ce, "kamar mutumin kirki. Kana amsawa sai zaƙin ya tsere, ya bar ka da wani ɗaci a can bayan harshe, kamar ka tsotsi makulli."

Matar tamu ta sa tabarau ta karanto masa abin da ke ciki, wai ko zai natsu: ruwa mai iska, tsamin lemo, kafeyin, wani abu wai shi taurin, bitamin kala huɗu, sai sinadaran zaƙi guda biyu masu sunan da ta yi tuntuɓe sau uku kafin ta furta. Yaya ya ce duk abin da matarsa ba ta iya kiran sunansa ba, bai kamata ya shiga cikinsa ba. Ta ce to ya sha ruwa. Ya shanye gwangwanin tas, yana yamutsa fuska.

Wata guda aka yi ana wannan daga. Ta kwashe sukarin gidan ta kulle a ɗakin aikinta. Firji yana kicin, ita ke riƙe da shi, kullum bayan abincin rana ta ɗauko masa baƙa guda ɗaya mai sanyi ta aje. In ta ji "tsss" daga shago a lokacin da ba nasa ba, kafin ya kai baki tana tsaye a ƙofar baya. Yaya ya zama mafaɗaci. Har ni da na zo gaishe shi ya ce tafiyata tana tayar masa da ƙura a kan takardu.

Kwatsam sai aka sami zaman lafiya. Yaya ya daina ƙorafi. Ya ce ma daga yanzu shi zai riƙa sayo katan ɗin da kansa daga kantin bakin titi, don ya hutar da ita. Yakan kawo ya jera mata a firji da hannunsa, baƙaƙe reras. In ta ba shi ya sha yana murmushi, har ya ce, "Ashe komai sabo ne." Wata macen da sai ta gode wa Allah ta ci gaba da harkarta. Sufeto kuwa, ranar da ta ga yana ɗaga gwangwani yana kaɗa ɗigon ƙarshe a harshe, ta san akwai lauje cikin naɗi.

Ranar wata Laraba ta kira ni, lokacin ya tafi sayen takarda. Na same ta a kicin da tabarau a hanci da gwangwani a hannu.

"Auta, zo ki karanta min nan. Can ƙasa, ƙarƙashin inda aka rubuta bitamin."

Rubutu ne ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Na matso da shi. Sunan shagon Yaya ne, da lambar wayarsa.

Wanda bai san masu buga takardu ba ba zai gane ba. Ba sa iya fitar da aiki daga inji ba su sa sunansu a gindinsa ba. Kati ne, kalanda ce, rasit ne, sai ka ga ɗan layin nan a ƙasa. Yaya ya taɓa buga mini takardar neman aiki guda ɗaya tilo, sai da ya sa. Hali zanen dutse. Bawan Allah ya zauna ya kwafi rigar baƙar jimina kaf, da sifirinta da jerin sinadaranta, ya buga a sitika, ya naɗe jan gwangwani da ita ba ko kumfa, sannan hannunsa ya sa hannu a kan laifin.

Matar tamu ta sa farce ta ɗaga gefe. Ja ya leƙo, yana sheƙi.

"Dubi ƙafar jiminar ma," ta ce. "Ta kamfani siririya ce, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Shi ya gyara musu."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ita ba ta yi ba sosai. Ni na ce mu jira shi ya dawo mu yi masa tas, ta girgiza kai.

"In na yi masa magana zai ce ya tuba, gobe ya koma sha a bayan kanti inda ba na gani. Kin san yayanki. Ɗauko min abin busar da gashi."

Nan na ga gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ta hura wa sitikar iska mai ɗumi, gam ɗin ya saki, ta zare ta a hankali kamar tana cire wa amarya lalle. Muka tuɓe jajayen duka, muka wanke su, muka zuba a jaka muka nufi kanti. Mai kantin, wani dattijo mai son labari, ya saurara har ƙarshe yana riƙe da ciki. Ya karɓi jajayen ya ba mu baƙaƙe na gaskiya. Muka dawo muka sa wa kowace baƙa rigar da Yaya ya ɗinka, muka jera a firji.

Haka aka yi wata biyar. Duk sati biyu Yaya zai je kanti ya rage murya ya ce a ba shi ja, mai kanti ya rage tasa ya miƙo. Yaya ya kulle kansa a shago ya naɗe su. Ranar Laraba mu tuɓe, mu mayar, mu karɓo baƙaƙe. Jajayen nan guda goma sha huɗu su ne dai suke ta kai da kawowa tsakanin kanti da gida, har suka fara lotsewa. Mai kanti ya ce mana Yaya ya yi masa ƙorafi wai kamfanin sun fara sakaci, gwangwaninsu yana zuwa da danƙo.

Abin da ya fi ba ni daɗi shi ne ranar da ya jawo ni cikin sirrinsa. Mai fasaha ba ya iya yin abin gwaninta ya rasa wanda zai nuna wa. Na shigo shago bayan an tashi makaranta, ya leƙa ƙofar baya, ya tura ta, ya miƙo mini gwangwaninsa.

"Auta, kurɓi nan. Amma in kika faɗa wa Sufeto, ba ni ba ke."

Na kurɓa. Zaƙi ya yi sallama ya tsere, makulli ya biyo baya.

"Kin ji?" ya ce, idonsa yana ƙyalli. "Kin ji yadda yake cika baki? Wannan shi ne sukari na Allah da Annabi. Wancan na ƙaryar ko a cikin barci aka ɗiga min zan gane shi. Harshe ba ya ƙarya, yarinya."

"Kai, Yaya," na ce, "ka iya."

"An gaya miki Mudu wasa ne?"

Na fita da sauri na shige ɗakin gyaran gashi, na cusa fuska a tawul don kada ya jiyo ni.

Jikinsa kuwa ya yi kyau. Ramar ta tsaya, ya daina tashi fitsari, ya daina faɗa. Muna ta murna a ɓoye, ba mu lura da inda abin ya nufa ba. Sai ga shi ya fara wasu maganganu. Wai likitocin yanzu tsoratarwa suka iya. Wai shi jikinsa ya san abin da yake so. Rannan matar tamu ta kama shi yana zuba zuma a shayi a gabanta, ko kunya babu, ya ce ai ɗan kaɗan ba ya komai, shi ya gwada ya gani. Da daɗewa ban ga ta tsorata ba sai ranar. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago: mun raba shi da sukari, mun kuma koya masa cewa sukari ba ya yi masa illa.

Ranar komawa asibiti ta ce in raka su. Yaya ya sa sababbin kaya, ya ɗauko gwangwani ɗaya daga firji ya sa a aljihu. Aka ɗebi jini, muka jira, aka kira mu. Likita ya duba takarda ya yi murmushi.

"Madalla. Sukarin ya sauka sosai. Duk abin da kake yi, ka ci gaba."

"In ci gaba?" in ji Yaya. "Likita, kai ka faɗa da bakinka, ga shaidu."

Ya ciro gwangwanin ya dire a kan tebur. Ya gyara murya kamar mai jawabi.

"Ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Wata shida ke nan ina shan mai sukari kullum. Wannan rigar da kake gani, ni na buga ta. Ga sakamako a hannunka. Saboda haka ina ganin daga yau a bar ni in sha abina a fili, a kuma buɗe min sukarin gidana."

Ya sa farce a gefen sitikar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya fizge ta da ƙarfi.

Baƙin gwangwani ya bayyana, da farar jimina mai siririyar ƙafa, da ƙaton sifiri.

Yaya ya dubi gwangwanin, ya dubi sitikar da ke hannunsa, ya sake duban gwangwanin. Ya juya shi ko jan yana baya. Ni dai na kasa, dariya ta ƙwace mini. Matar tamu ta yi wa likita bayani cikin sanyin muryarta, tun daga lambar waya har abin busar da gashi, har jajayen nan goma sha huɗu masu yawon duniya. Likita ya cire tabarau yana share hawaye.

"Har da ke, Auta?" in ji Yaya.

"Harshe ba ya ƙarya, Yaya."

Ya harare ni, amma gefen bakinsa yana motsi. Yayana yana da girman kai, sai dai yana girmama aiki mai kyau ko na abokin gaba ne. Ya ɗauki gwangwanin ya shafa inda gam ya zauna.

"To, Maman yara, na sara miki. Naɗin ya yi. Ni da kaina ban ga bambanci ko ɗaya ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta naɗe hannuwanta a cinya.

"Akwai bambanci, Maigida. Ɗan kunnen da ake ja a buɗe. Na jar jimina ja ne mai duhu, na baƙa baƙi ne. Sitika ba ta rufe shi. Kai kana kawo min su da jan kunne, ni ina ba ka da baƙi. Wata biyar kullum ina aje maka ina jira ka ce wane ne ya taɓa maka kaya." Ta ɗago ta dube shi. "Wallahi da ka kama ni da na fi jin daɗi."

Ni ma na ga kunnen tun ranar farko, na ɗauka gaggawa ce ta sa ya ƙyale, ban kawo komai a raina ba. Sai a lokacin na tuna wane ne mutumin da muke magana a kai. Dariyar ta mutu a bakina, kunya ta kama ni.

Likita ya mayar da tabaransa ya rubuta takarda, ya tura mu ɗakin duba ido. Aka ɗiga masa magani, aka haska, aka ɗauki hoto. Likitar idon, wata mace mai magana kai tsaye, ta ce sukarin shekarun baya ya riga ya taɓa bayan idon, duka biyun. Abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba. Amma an zo da wuri, kuma watannin nan da sukarin ya sauka sun taimaka ƙwarai. In ya kiyaye, ya riƙa zuwa, za a iya riƙe sauran.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Da muka iso bakin titi Yaya ya ce a tsaya, ya shiga kanti shi kaɗai. Ta taga na ga mai kanti ya fara murmushi, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Yaya ya fito da gwangwani biyu, ja da baƙa.

Bai shiga gida ba. Ya buɗe shago ya tsaya a bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa da katin mutane, rana tana faɗowa a kafaɗarsa. Ya rufe jikin gwangwanayen da tafin hannu, ya sauya su sau biyu a bayansa, ya ɗaga su sai samansu kawai yake gani. Ya karkata kai. Ya matso da su, ya nisanta. Mun tsaya a bayansa ni da ita, ina jin ƙarar mashin a titi. Ban taɓa ganin ya daɗe haka a kan launi ba.

"Maman yara," ya ce, bai juyo ba. "Na dama ne jan?"

"Na hagu ne."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini na hagun ya ce in mayar wa mai kanti, in gaya masa an gama. Ya aje ɗayan a kan tebur, ya jawo wata takarda daga cikin aikin da ke jiransa, tambarin rigar wata makaranta mai kore da ruwan ƙasa. Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya jawo kujerar da ba ya bari kowa ya zauna a kai, ya kakkaɓe ta da hannun riga, ya tura ta kusa da gilashin haɗa tawada.

"Zauna nan," ya ce wa matarsa. "Zan haɗa. In ya kauce, ki gaya min."